Rabon Inna a Gwangwanin Magani

Kwanakin baya wata jikata ta dawo daga asibiti da ledar magani, ta zube ta a kan tabarmata tana kumbure-kumbure, wai an ce sai ta yi wata shida tana sha. Wata shida! Na dube ta, na dubi ƙwayoyin nan a jere cikin takardarsu mai ƙyalli, na ce mata ke dai ki gode wa Allah. Da safe ta tofa kaki a 'yar roba, inji ya duba ya ce tarin fuka ne, aka ɗora ta a babur aka dawo da ita gida, ko tsinin allura bai taɓa jikinta ba. Mu a lokacinmu ba haka ake jinyar wannan ciwo ba. Tun ranar nan zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya, kullum tana can ƙauyenmu na bayan Banga, wanda yau ko akuya ba ta kwana a cikinsa, tun da masu bindiga suka tashe mu muka tare a nan Kaura Namoda muna zaman ɗakin haya.

Ƙauyen ba wani babba ba ne, amma ba ya shiru. Da asuba za ka ji lugude daga kowane gida, ga zabi suna ta kwakwazo a bayan danga, ga ƙarar guga tana bugun bakin rijiya. In iska ta juyo daga wajen gari, har kukan jirgin ƙasa mukan ji can nesa, yara su tsaya cik suna saurare. A nan aka kawo ni aure daga wajen Zurmi, ina yarinya ɗanya mai baki, ba ni da uwa a raye. Sai Allah ya haɗa ni da surukata, wadda duk gidan muke kira Inna. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, kullum da mazari a hannu da alli a yatsu tana kaɗi, auduga a zanenta, auduga a gashinta. Bakinta kuwa ba dama. Ranar da na fara tuƙa tuwo a gidan ta gutsura, ta juya shi a hannu, ta ce a ajiye wannan, za a yaɓe rumbu da shi. Na shiga ɗaki na sha kuka. Da la'asar ita ce ta zo ta zauna kusa da murhu ta koya mini yadda ake talge, ba tare da ta nuna koya mini take yi ba.

Maigidana shi ne ɗanta na fari, kuma Inna mai kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. 'Yan yanzu da suke rungume 'ya'yansu a gaban jama'a ba za su gane ba. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama inda yake zaune. In tana son ya yi wani abu, sai ta faɗa wa iska. Yana tsaye a tsakar gida za ta dubi kaji ta ce, “A hwaɗa ma wancan danga ta hwaɗi.” Shi kuma ya dubi turmi ya ce to, an ji. Ni da farko dariya abin yake ba ni, daga baya na saba, har na zama ni ce mai kai saƙo tsakaninsu. Wata ƙa'idar gidan kuma ita ce duk abin da ya shigo daga gari, goro ne, ƙuli-ƙuli ne, ko ɗan gishiri, sai an fara cire rabon Inna. Ni nake kai mata, in durƙusa in miƙa da hannu biyu, ta karɓa ta ce Allah shi yi albarka. A wajenmu matar da ta ci abu daga gari ba ta cire wa surukarta ba, an gama sanin irin tarbiyyarta.

Bayan haihuwata ta fari tari ya kama ni. An gama wankan jego bai tafi ba. Aka ce sanyi ne, aka ba ni jiƙe-jiƙe da sassaƙe, aka sha rubutu, wanzami ya zo ya duba maƙogwarona ya yi abin da zai yi. Ni dai ina ta zubewa, zazzaɓi da yamma, gumi kamar an watsa mini ruwa, har awarwarona ya riƙa zamewa yana faɗuwa. Ranar da na fara tofar da jini, maƙwabta suka daina aron ludayina. Ban ga laifinsu ba, don a lokacin in aka ce wance tana tarin fuka, saura kawai a fara neman likkafani. Inna kuwa tabarmarta ta naɗo ta shigo ɗakina ta shimfiɗa. Ɗakin ƙasa ne, ba taga, ƙofa ɗaya da asabari. Ita ke tayar da ni, ita ke riƙe mini kai in tari ya turnuƙe ni, ita ke wanke tsummokarana, tana yi tana faɗa, wai ita ba ta ga raguwar yarinya irina ba. Wata nawa muka yi a haka, ban riƙe ba.

Masu yin lamba ne suka cece ni. A rani sukan zo, sanƙira ya zaga gari yana shela, su kafa tebur a gindin tsamiya su yi wa jarirai allurar nan da ke barin tabo a dantse. Mata da yawa ɓoye 'ya'yansu suke yi, har a cikin rumbu. Inna ta goya jaririna ta kai, ta ce ita tana son ta ga abin da ake tsoro. Da suka gama, wani dattijo daga cikinsu ya bi gida-gida yana tambaya ko akwai mai tarin da ya daɗe. Bai ma shigo ba, daga zaure ya ji ni. Ya rubuta 'yar takarda ya ba maigidana, ya ce gobe-goben nan a kai ni Kaura. Washegari aka ɗora ni a jaki, aka tokare ni da buhun ƙaiƙayi don kada in faɗo. Inna ta tsaya a bakin ƙofa da yaron a bayanta, ba ta ce mini komai ba sai, “Ki ci abin da anka ba ki.”

A bayan asibiti akwai wata doguwar rumfa ta masu tari, ko'ina a buɗe, iska na shiga tana fita. Mai kula da mu wata ma'aikaciya ce, Kirista daga can kudu, muna kiranta Sista Laraba. Doguwa ce, muryarta kamar ta namiji, Hausarta kuwa mu Zamfarawa sai mu riƙa toshe baki in ta juya baya. Amma ba ta da ƙyama ko kaɗan. Ita ke karɓar kakinmu a ɗan gwangwani, a shafa a gilashi, wani malami ya leƙa ta madubin nan mai ƙara girman abu. Kowace safiya abin da ke tashe mu shi ne ƙarar allurai suna tafasa a tukunyar ƙarfe a kan risho, ƙaras-ƙaras, sai kowa ya fara shafa ɗuwawunsa. Wata biyu cur ana yi mini allura kullum, har wurin ya daskare, kunnuwana suka riƙa kuka kamar an sa mini gyare a ciki. Sista ce ta koya mana tofa kaki a gwangwani mai toka a binne, da rufe baki in za a yi tari, da shanya shimfiɗa a rana, da tafasa madara kafin a sha. Yanzu akwai injina da fasta a bango, amma ban ƙara ganin wanda zai zauna a bakin tabarmarka ya tsefe maka kai kamar yadda matar nan take yi mana ran Asabar ba.

Ranar da za a sallame ni ta kira ni da maigidana, ta ɗauko kati da wani gwangwani mai murfi cike da fararen ƙwayoyi. Ta ce biyu kullum da safe, duk wata in dawo a cika mini, har shekara ɗaya da rabi. Ta ɗaga yatsa ta ce, “Wannan naki ne ke kaɗai. In kin tsallake, ciwon zai dawo, kuma in ya dawo ba ya jin magani. Sannan duk wanda ya fara tari a gidanku, ku kawo mini shi da wuri. Da wuri, kun ji?” Muka ce mun ji. Da muka isa gida, maigidana ya tsaya a tsakar gida ya maimaita wa turmi duk abin da Sista ta ce, kalma-kalma, don uwarsa ta ji. Inna tana bakin ɗakinta tana kaɗi, ba ta ɗago ba.

Farkon damina ne. Ban kwana uku ba na ji shi. Wani ɗan busasshen tari ne daga bayan rumbu, ana danne shi da zane. Wanda ya yi wannan ciwo ba ya ɓatan muryarsa. Na lura duk sanda zai taso wa Inna sai ta tashi kamar za ta duba awaki. Na bari sai da maza suka tafi gona, na same ta na durƙusa.

“Inna, tarin ga naki ba na banza ba ne. Irin nawa ne. Ki bari a kai ki Kaura.”

Ta ci gaba da murza mazarinta. “Ke da kinka yi wata biyu birni har kin zama likita? Ƙurar audugar kaɗi ce.”

“Inna, don Allah.”

“Ni da hurhurata in tai in kware zane gaban ɗiyan mutane su tsire ni? Kuma wa za shi kai ni? Wancan? In hau jaki shina jana, garin ga duka na kallo? Ga shuka ba a ƙare ba, kina so shi bar gona mu ci mi baɗi?” Sai ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta cika yi ba. “Kul kika hwaɗa mai. In kin hwaɗa, ban yahe ba.”

Na koma ɗaki na zauna ina kallon gwangwanin nan. Ina sane da abin da Sista ta ce, ba mantawa na yi ba. Amma a ganina na lokacin, ga abu ya zo daga gari, abu mafi daraja da na taɓa riƙewa, ina haɗiya ni kaɗai a ɓoye, matar da ta ɗauki ciwon nan a ɗakina tana tari a bayan rumbu. Kunya ta kama ni. Washegari na sha biyuna, na ɗebi wasu biyu, na je na durƙusa na miƙa mata da hannu biyu kamar yadda nake miƙa goro. Na shirya jin faɗa. Sai ta kalli tafina, ta karɓa, ta ce Allah shi yi albarka, ta ce in tafi za ta sha in ta gama kunu. Na fito raina fes, ina jin na yi dabarar da ba wanda ya taɓa yi: ban saɓa mata ba, ban tona ta ga ɗanta ba, ga shi kuma tana shan magani.

Na san gwangwanin zai ƙare a tsakiyar wata, har na shirya ƙaryar da zan yi wa Sista, in ce ya zube a ruwa. Amma tsakiyar wata ta zo ta wuce, ina girgiza shi yana amsawa. Ban zazzage na ƙirga ba, don an raine mu a kan cewa abin da ake so ya yi auki ba a ƙirga shi. Bai ƙare ba sai ranar da ya kamata in koma. Wallahi na ɗauka albarka ce, albarkar bin suruka. Na tafi Kaura ina murna, aka ɗora ni a sikeli, Sista ta tafa hannu ta ce na yi ƙiba. Tana cika gwangwanin ta tambaye ni, “Akwai mai tari a gida?” In na ce akwai, za ta gano ina raba maganinta, kuma Inna ta ce ba ta yafe ba. Na ce babu. Wata na biyu ta sake tambaya, na ce babu. Na uku ma haka.

Ni ina cika, Inna tana ƙarewa. Wuyanta ya zama kamar na zabuwa, ta daina zuwa rijiya, mazarin ma sai ta murza sau biyu ta ajiye ta huta. Ina gani, amma ina gaya wa kaina ai jikin tsufa ne, magani ba ya kama shi da sauri. Maigidana yana fita da asuba ya dawo da magariba, kuma ko yana gida ai ba ya kallonta, ita ma in ta ji motsinsa sai ta shige ɗaki. Kunyar da muke taƙama da ita ta yi mata labule, ɗanta yana gida ɗaya da ita bai san halin da take ciki ba.

Gero ya nuna an fara girbi. Wata safiya na miƙa wa Inna rabonta, na ɗauki tulu na tafi rijiya. Ina jefa guga igiya ta tsinke, na dawo gida neman ƙugiya. Ina ɗaga asabarin ɗakina na gan ta a durƙushe gaban tukunyar da nake ɓoye gwangwanin. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da ƙwayoyin nan biyu, tana hure musu audugar da ta manne, sannan ta saka su a ciki a hankali don kada su yi ƙara. Tulun ya kuɓuce mini.

“Inna! Tun yaushe?”

Ba ta firgita ba. Ta mayar da murfin, ta zauna a ƙasa tana haki. “Tun ranar hwarko.”

“Ko guda ba ki sha ba?”

“Ni kurma ce? Na ji abin da wancan ya hwaɗa ma turmi. An ce in kin tsallake shi dawo.” Tari ya sarƙe ta, ta tare da zane, na ga jini. Da ya lafa ta ce, “In na ƙi amsa, na san halinki, sai kin kai ƙarata. In na sha, naki shi ƙare. Ni na ci zamanina. Yaron ga wa za ki bar ma shi?”

Na fita da gudu ko mayafi babu, na ratsa gonaki har inda maza suke yankan gero. A gaban ƙannensa da maƙwabta na tsaya na ce wa maigidana, “Innarka na tohin jini, wata ukku ke nan, kuma ni na ɓoye maka.” Ya saki lauje. A ranar aka ɗaura gadon kara, maza huɗu suka ɗauke ta. Ba ta yi gardama ba, ƙarfin gardamar ya ƙare. Ta dai ja zane ta rufe fuskarta tun daga ƙofar gida har Kaura, don ɗanta ne ke riƙe da gaban gadon.

Sista Laraba ta daɗe tana sauraren ƙirjinta. Ta sa aka yi mata allura, aka shimfiɗa mata a rumfar nan, kusa da inda na kwanta a da. Sannan ta kama hannuna ta ja ni gindin dalbejiya, ta ce in gaya mata gaskiya. Na faɗa mata komai. Na so ta zage ni, na so ma ta mare ni, da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta zauna a kan wani dutse ta dafe kai, can ta ce a hankali, “Ai maganin ba ya ƙarewa a nan, 'yata. Da kin ce mini akwai, da ni da kaina zan hau keke in je in lallashe ta. Na sha yi. Tsofaffi nawa na ɗauko a haka.” Na ce yanzu fa? Ta girgiza kai ta ce huhun ya riga ya cinye.

Kwana tara Inna ta yi a rumfar. Ɗanta yana zaune a waje a jikin ginshiƙi, ya juya baya, yana jin numfashinta. Ni ke ba ta ruwa da cokali. Kowace safiya in na buɗe gwangwanina sai ta buɗe ido ta bi hannuna da kallo har in haɗiye. A rana ta tara ta yi mini alama in matso. Na kai kunnena, ina zaton wasiyya za ta bari, ko ta ce ta yafe mini tona ta da na yi.

Ta ce, “Buɗe bakin in gani.”

Na buɗe. Ta leƙa, ta tabbata babu komai a ƙarƙashin harshena, ta ce, “To.” Kafin azahar Inna ta cika.

Na shanye sauran watannin nan ban tsallake ko kwana ɗaya ba, na warke sarai, na haifi bakwai bayan wancan. Labari ya bazu a ƙauye, amma rabinsa ne ya bazu. Aka riƙa cewa wance ta raba maganinta da surukarta, har iyaye mata suna ba 'ya'yansu misali da ni in za a kai su ɗakin miji. Ina ji in sunkuyar da kai, su ɗauka kawaici ne. Yau na girmi Inna da shekaru masu yawa, duk waɗanda suka san ta sun tafi, ko kabarinta ba ni da halin zuwa in gani. Har yanzu ina kewarta, kuma har yanzu ina jin nauyinta. Sau uku Sista Laraba ta dube ni ta tambaye ni ko akwai mai tari a gida, lokacin Inna tana iya tafiya da ƙafafunta. Sau ukun duka na ce babu.